Darasi na 9: Ruwan Wanka da Batirin Sola a Watannin Hunturu

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, cikin watan Janairu, a wani gida da ke Farin Dutse a ƙaramar hukumar Gwaram, inbata ta fara ƙara. Uwargida ta tsoma hita a bokiti na uku ke nan don wankan yara 'yan makaranta. Kafin ta juya fitilun gidan sun ɗauke gaba ɗaya, ruwan kuwa ko ƙanƙarar sanyinsa bai saki ba.

"Malam, batirin nan fa ya mutu," in ji ta, tana lalubar tocila.

"Batirin da bai shekara ba?" Maigida ya amsa daga bakin rijiya, buta a hannu. "In gari ya waye a kira yaron da ya haɗa mana shi."

Wannan gida misali ne, amma duk mai haɗa sola tsakanin Birnin Kudu da Sara ya sha amsa irin wannan kira. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama kayan ado a gidaje da yawa, farantan sola kuma suka hau kan rufin kwano. Da bazara ba a jin ƙorafi, fanka na juyawa har gari ya waye. Sai hunturu ya kama, sanyin dare ya sauko ƙasa da digiri 15, kowa na neman ruwan ɗumi, sannan a fara zargin mai haɗawa da sayar da jabun batir. Wani lokaci zargin gaskiya ne. Sau da yawa kuwa laifin na bokiti ne.

Ruwa yana da cin wuta fiye da yadda ido ke nunawa. Yunit ɗaya, irin wanda mita ke ƙirgawa, shi ne wat 1,000 na aiki tsawon awa guda. Wannan yunit ɗin yana iya ɗaga zafin lita 86 da digiri 10 kacal. Daga nan aka samo lissafi mai sauƙi da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe: a ninka yawan lita da yawan digirin da ake so a ƙara, a raba da 860, abin da ya fito shi ne yunit. Bokiti mai lita 20 da ya kwana a tsakar gida, a ce zafinsa digiri 18, ana so ya kai 40 don wanka. Bambancin 22 ne. Ashirin sau 22 ya ba da 440, a raba da 860, an sami rabin yunit da 'yan kai. Hita mai wat 1,500 za ta cinye wannan cikin minti 20.

Rabin yunit ba ya da girma a kunne, sai an auna shi da wani abu. Ƙwan fitila mai wat 10 zai yi awa 50 yana ci da shi. Rabin yunit ɗin zai cika wayoyin hannu kusan talatin. Wato wankan mutum ɗaya ya lashe hasken ɗaki na darare biyar, kuma gidan mutum takwas na neman yunit huɗu kowace safiya kafin a kunna komai.

Ga wanda ke kan layin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ana iya mayar da wannan kuɗi kai tsaye. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin yunit na rukunin A, masu samun wuta awa 20 zuwa sama, ya koma naira 225, daga baya ya tsaya a 209.5 a watan Yuli. A wannan farashi yunit huɗu ya haura naira 800, kwana 90 na sanyi kuma ya kai wajen naira 75,000. Ƙauyuka ba su cika shiga wannan rukuni ba, kuma mai sola ba ya ganin takardar bil. Shi nasa bil ɗin yana zuwa ne a dunƙule, ranar da aka ce masa batir ya tashi aiki.

Babban batirin nan mai ruwa da aka fi sani, mai bolt 12 da amfiya-awa 200, a rubuce yana ɗauke da yunit 2.4. Amma irin wannan batir na dalma ba ya son a kwashe masa fiye da rabi, in ba haka ba kwanansa ya ragu. Saura 1.2 ke nan, inbata kuma ta ci nata kason wajen juya wutar, abin da ke isa soket bai fi yunit ɗaya da ɗan wani abu ba. Bokiti biyu sun gama da batir guda. Gidan da ke da batir biyu, wanda ya kwana da fitilu da talabijin da cajin waya, ba abin mamaki ba ne ya durƙusa a bokiti na uku.

Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Adadin 200 da ke jikin batirin an auna shi ne bisa zuƙa a hankali, amfiya 10 tsawon awa 20. Hita mai wat 1,500 a kan batir biyu da aka jera suka ba da bolt 24 tana fizgar wajen amfiya 70 a lokaci guda. Kamar jakin da aka saba ɗora wa mangala ɗaya ne aka lafta masa bakwai. Zai tafi, amma ba zai yi nisa ba, kuma ba zai daɗe a gidan ba. Batirin litiyam ya fi jure wannan, ana kuma iya kwashe masa kashi 80 cikin ɗari ko fiye, sai dai kuɗinsa ba na kowa ba ne, kuma ko shi asara ce a ƙarar da shi a kan bokiti.

A Amurka da Turai akwai masu irin wannan damuwa, sai dai tasu ta masu hali ce. Suna ajiye ƙaton baho a bayan gida, irin wanda sunan kamfanin Jacuzzi ya bi, mutum huɗu ko shida su shiga su jiƙa jiki. Matsakaicinsa na cin lita 1,500, wato jarka 60 masu lita 25, kura biyar ta ɗan ga-ruwa in kowace na ɗaukar jarka 12. A ɗaga wannan ruwa daga digiri 15 zuwa 38 sai an kashe yunit 40, sannan a ci gaba da riƙe zafin dare da rana. Waɗanda suka sa sola daga cikin masu bahon sun gano abu uku: a dafa ruwan lokacin da rana ke tsaka, a rufe shi da murfi mai kauri, a rage zafin da digiri ɗaya ko biyu. Bahon da bokitin ba su haɗa hanya a arziki ba, amma dokar zafi ɗaya ce ke mulkinsu, kuma dabarun nan uku suna aiki a Farin Dutse yadda suke aiki a Kalifoniya.

Ta farkon ita ce mafi riba. Gidan da ke da faranti huɗu masu wat 300 yana da 1,200 a rubuce, a aikace kuwa, da zafi da ƙura, wajen 900 zai gani da tsakar rana. Idan batir bai sha wahala da dare ba, yakan cika kafin azahar. Daga nan na'urar da ke daidaita caji sai ta rage abin da take karɓa, rana na ta dukan faranti, wutar ba ta da wurin zuwa. Ba'amurke a jihohi da dama yana tura wannan rara cikin layin kamfani a rage masa bil. Magidanci a Gwaram ba shi da wannan hanya, rararsa tana tafiya a banza sai in ya nema mata aiki. Dafa ruwa shi ne aikin da ya fi dacewa da ita, domin ruwa ma ma'ajiya ce ta zafi, kuma jarka ba ta kai batir tsada ba.

Sai dai a nan ma akwai tarko. Hita mai wat 1,500 ta fi ƙarfin 900 da farantan ke bayarwa, don haka cikon 600 daga batir za a ciro shi, ko da rana na tsaka. Ƙaramar hita mai wat 500 ta fi dacewa. Tana da nawa, amma daga ƙarfe goma sha biyu zuwa uku za ta zuba yunit ɗaya da rabi, wanda ya isa ya kai lita 40 daga digiri 18 zuwa 50 ba tare da an taɓa batir ba. Mai sayen hita ya juya ta ya karanta lambar da ke jikinta kafin ya biya. Kuma a lokacin da take aiki a jinkirta guga da injin markaɗe.

Tambayar da uwargida za ta yi a nan tana da ƙarfi: ruwan da aka dafa da azahar, wa zai yi wanka da shi da asuba? Amsa ta farko ita ce a juya tsarin gidan, yara su yi babban wankansu da la'asar, da safe a wanke fuska da hannu da ƙafa. Amsa ta biyu ita ce murfi. Buɗaɗɗen bokiti yana zubar da zafinsa ta tururi, iskar hunturu kuma busasshiya ce, tana kwashe shi da sauri. Fulas da babbar kula ta abinci an yi su ne don hana wannan. Lita biyar na tafasasshen ruwa da aka zuba a fulas da yamma, a ce ya sauko digiri 80 kafin asuba, in aka sirka shi da lita goma na ruwan sanyi zai ba da lita 15 mai zafin kusan 39. Wanka ya samu, batir bai sani ba.

Wasu na ɗauka cewa tafasa ruwa kaɗan a sirka ya fi dafa cikakken bokiti arha. Lissafi bai yarda ba. Tafasa lita biyar daga 18 zuwa 100 yana cin kusan abin da ɗumama lita 20 zuwa 38 ke ci, duk wajen rabin yunit ne. Ribar butar lantarki tana ga murfinta da kuma kashe kanta da take yi in ta tafasa, ga shi ruwa kaɗan mai zafi sosai ya fi sauƙin ajiyewa. Inda ake samun ragi na gaske shi ne yawan ruwan da kuma inda aka faro. Duk mai jan guga da asuba ya san ruwan rijiya da ɗuminsa yake fitowa, har yana hayaƙi a sanyi, domin ƙarƙashin ƙasa ba ya bin sanyin dare. A ce ya fito a digiri 27. Digiri 13 kawai yake nema ya kai 40, maimakon 22 na wanda ya kwana a randa ko a tankin sama. An rage kashi biyu cikin biyar na wutar da guga kaɗai.

Duk wannan dabarar amfani da farantin lantarki ce. Amma in ruwan zafi ake nema, bi ta lantarki zagaye ne mai nisa. A arewacin Najeriya kowace murabba'in mita tana samun hasken da ya kai yunit biyar zuwa shida a yini. Farantin sola yana mayar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan ya zama wuta, sauran ya tafi. Baƙin ƙarfe da bututun ruwa a jikinsa, a cikin akwati mai murfin gilashi, yana kama rabi ko fiye ya zuba shi kai tsaye cikin ruwa. Ba ya bukatar famfo: ruwan da ya yi zafi yana yin sama da kansa ya shiga tankin da aka ɗora bisa akwatin, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, haka za su yi ta zagayawa har rana ta faɗi.

Fasahar ta tsufa. Wani Ba'amurke mai suna Clarence Kemp ya yi rajistar irinta a Baltimore tun 1891. Isra'ila ta wajabta ta a sababbin gidaje a 1980, yau mafi yawan gidajen ƙasar da ita suke wanka, haka ma tsibirin Kubrus. Ba sai an je nesa ba ma. Abdou Moumouni, masanin kimiyyar da aka haifa a Tasawa ta Jamhuriyar Nijar a 1929, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasar, ONERSOL, daga 1969 zuwa 1985, kuma na'urar dafa ruwa da rana na cikin abubuwan da suka ƙera a Yamai. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai sunansa take amsawa. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980, ita ma ta ƙera irin waɗannan na'urori. Abin takaici ne a ce ilimin ya yi shekara hamsin a yankin nan, amma shagon da ke sayar da faranti da batir a kowane lungu da wuya a ga tankin rana a cikinsa. Mai shago ya fi samu a batir, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne.

Wanda bai kai ga sayen na kanti ba yana iya farawa da abin da ke tsakar gidansa. Jarka mai lita 25, a shafe ta da baƙin fenti, a kwantar da ita cikin akwatin katako. A cika ƙasan akwatin da gefunansa da ɓuntun shinkafa, wanda ake zubarwa tuli a bakin injin casa, ko garin katako daga wurin kafinta. A rufe saman da gilashin tsohuwar taga ko farar leda mai kauri. Birnin Kudu na wajen digiri 11 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka a Disamba da Janairu rana ta kudu take ratsawa, ko da tsaka ba ta hawa kai tsaye bisa kai. Akwatin kudu zai fuskanta, a ɗan tokare bayansa da bulo. Da la'asar sakaliya, kafin iska ta juya, a lulluɓe shi da tsohon bargo ko a juye ruwan a kula. Ranar da hazo ya yi kauri sakamakon zai ragu, amma ko ɗumi ɗan kaɗan ragi ne ga hita ko murhu. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi ko fetur ba ta shiga wannan aiki, komai wankin da aka yi mata.

Gidan da aka yi haihuwa shi ya fi kowa amfana. Wankan jego, safe da yamma har kwana arba'in, da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya, shi ne babban mai cin ruwan zafi a gidan Bahaushe, kuma mai gida ya san kuɗin itacensa. Tafasa lita 60 daga digiri 18 yana neman yunit kusan shida, sau biyu a yini ya haura 11. Babu solar gida irin ta misalinmu da za ta ɗauki wannan, kada ma a gwada. Amma in rana ta riga ta kai ruwan yamma digiri 45 kafin a ɗora shi a murhu, kashi ɗaya cikin uku na itacen ya tsira. A gefe guda, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, sun wallafa bincike a 1978 kan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, suka danganta yawansa a yankin da kunun kanwa da tsananin zafin da ake gasa mai jego da shi. Wannan magana ce ta darasin kiwon lafiya, amma rage zafin ruwan jego ba itace kaɗai yake ceto ba.

Hazon da ke kawo sanyin shi ne kuma ke rufe faranti da ƙura, don haka lokacin da gida ya fi neman wuta shi ne lokacin da ta fi ƙaranci. Shafa faranti da tsumma mai laushi da ruwa kaɗan, da sassafe ko da yamma lokacin da gilashin ya huce, sau ɗaya ko biyu a mako, yana dawo da abin da ƙurar ta tare. Batir mai ruwa kuma a duba shi, a ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na rijiya. Hitar da farin dutse ya daskare a jikinta saboda ruwan burtsatse, a jiƙa ta a ruwan lemon tsami.

Hitar tsomawa ta kashe mutane, kuma wutar inbata tana kisa daidai da ta layin KEDCO. Ba a sa hannu a ji ɗumin ruwa sai an zare ta daga soket, ba a kunna ta a waje da ruwa, ba a barin ta inda yaro mai rarrafe zai kai. Ruwa mai digiri 60 yana sale fata cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar jariri kuwa ta fi saurin ƙonewa, shi ya sa ake fara zuba na sanyi a baho kafin na zafi. Mai babban tanki kuma kada ya bar ruwa ya yi kwanaki yana ɗumi-ɗumi ba a taɓa shi ba, domin akwai ƙwayar cutar huhu da ke yaɗuwa a irin wannan ruwa. Tanki ya riƙa kai digiri 60, jarka kuma a juye ta kullum.

Aikin wannan mako a gida za a yi shi. Kowane ɗalibi zai ƙirga bokitin ruwan zafi da gidansu ke amfani da shi a yini, ya auna lita nawa bokitin ke ci da jarka ko robar da aka san awonta, ya yi lissafin yunit da ƙa'idar 860. Mai sola zai kwafo lambobin da ke jikin batirinsa da farantinsa da hitarsa. Wanda ba shi da sola zai ajiye jarka biyu a rana daga hantsi zuwa la'asar, ɗaya baƙa ɗaya mai ruwan ɗorawa, ya zo ya faɗa wa aji abin da hannunsa ya ji a kowace.